Iyakar Lambobi a Rubutun Manhaja

Ya kamata mai rubuta manhaja ya san cewa kowane nau'in lamba yana da iyaka, domin gurbin da kwamfuta ke ware masa ƙayyadadde ne. Gurbi mai bit 16, wato ƙwayoyi 16 da kowacce sifili ce ko ɗaya, ba ya wuce 32,767 idan zai ɗauki lambobin ƙasa da sifili ma. Sakaci da wannan ne ya tarwatsa rokar Ariane 5 a 1996, lokacin da aka cusa lamba mai bit 64 cikin irin wannan gurbi ba tare da kariya ba. Wajibi ne, saboda haka, a auna girman lamba kafin a sauya mata nau'i, a kuma tanadi matakin da manhaja za ta ɗauka idan lambar ta zarce iyaka, maimakon ta tsaya cak.