Daga Atina zuwa Tsumburbura: gunki ba sai an sassaƙa ba

Bismillah. 'Yan uwa, wanda ya leƙa tarihin Girkawa da Rumawa zai tarar da ƙananan gumaka na yumɓu da tagulla masu siffar mata, wasu ba su wuce tafin hannu ba. Atina ta yaƙi da hikima, Afrodit ta soyayya, Dimita ta amfanin gona. Mace mai neman haihuwa ta saya ta kai ɗakin bauta, Barume kuma ya keɓe wa gumakan gidansa lungu yana ƙona musu turare.

Kada mu ɗauka abin ya yi nisa da mu. Hirodot, marubucin tarihin Girka, ya rubuta fiye da shekara 400 kafin Annabi Isa (AS) cewa Larabawa na bauta wa wata Alilat, ya daidaita ta da Afrodit. Masana da yawa na ganin ita ce Lata da Suratun Najmi ta ambata tare da Uzza da Manata. A Tadmur ta ƙasar Sham an tono gunkin Lata da siffar Atina, har da hular yaƙi.

To, ga inda nake son mu tsaya. Lata ta Ɗa'ifa farin dutse ce kawai. Uzza ta Nakhla bishiyoyi ne da ɗaki, su Khalid bin Walid ya sare a shekara ta 8 bayan Hijira. Babu fuska, babu hannu, amma shirka ce cikakkiya. Haka Tsumburbura a Kano: Tarihin Kano ya nuna itace ne da aka kewaye da katanga, Barbushe kaɗai ke shiga, jama'a na kawo baƙaƙen dabbobi, har Sarki Tsamiya ya rushe wurin.

Shi ya sa nake mamakin wanda zai yi wa gunkin Girka dariya a Facebook, alhali in haihuwa ta yi jinkiri a gidansa, boka ya ce a yanka jan zakara a gindin tsamiya ko a kogon dutse, sai a tafi da daddare. Duwatsun nan namu na Dutse halittar Allah ne, ba sa ba da ɗa. Bagirkiyar can ta kai yumɓu, wannan ya kai jini, buƙatar ɗaya ce.

Ɗalibai kan tambaye ni: Malam, to watan Yuni fa, da aka ce daga sunan Juno ne, ko takalmin Nike, sunan gunkiyar nasara? A fahimtata, mai cewa "biyar ga Yuni" kwanan wata yake nufi, babu bauta a ciki. Karanta tarihinsu don izina ma ya halatta. Ajiye mutum-mutumin a falo don ado ne ban yarda da shi ba, saboda hadisin da ya nuna mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da yake. Wallahu a'alam.