Darasi na Tara: Kangon Masana'antar Politz

Keken da yake kai ka Kasuwar Kwastam a Maiduguri da fetur yake tafiya. Ko ka san ana yin fetur da kwal? Jamusawa sun yi, domin ba su da isasshen mai. A 1937 suka fara gina masana'antarsa a Politz, garin da yau yake cikin Poland. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, fursunoni sun yi aikin tilas a can, dubbai suka mutu. A 1944 aka yi mata ruwan bama-bamai, daga baya Rashawa suka kwashe injinan. Doguwar hasumiyar kankare, wadda a da ake hawar da kwal ta cikinta, tana nan tsaye cikin daji. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kuwa, jemagu sun gaje su.