Guzurin Ɗan Kasuwa a Garin Gombe

A ranar 14 ga Fabrairu, 2015, harin Boko Haram ya sa aka kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Gombe. Wanda kuɗinsa ke kulle a shago bai iya kaiwa gare su ba. A farkon 2023 kuwa, lokacin ƙarancin takardun naira, wanda duk kuɗinsa ke banki ya sha wuya.

Saboda haka wajibi ne ɗan kasuwa ya raba ajiyarsa. Ya riƙa fita da kuɗin mota da na abinci, da katin banki, da katin shaida, da tocila. Lambobin abokan ciniki a rubuta su a takarda, tunda cajin waya kan ƙare. Kwafin littafin bashi kuma a ajiye shi a gida, domin in gobara ta cinye shago, da shi za a bi bashi.