Idan Magani Ya Zama Cuta: Saluɓewar Fata Sakamakon Shan Magani

Gabatarwa

Fata ita ce katangar jiki. Tana tsare ruwa da ɗumi a ciki, tana kuma hana ƙwayoyin cuta shiga. Akwai wata cuta wadda kan rushe wannan katanga cikin 'yan kwanaki, har majiyyaci ya zama tamkar wanda tafasasshen ruwa ya ƙona, alhali wuta ba ta taɓa shi ba. Galibi musabbabinta magani ne da aka sha don neman lafiya. Ba kasafai ake samun ta ba, domin mutane ƙalilan takan kama cikin miliyan ɗaya a shekara. Amma rayuwar wanda ta kama ta rataya ne a kan saurin gane maganin da ya jawo ta da kuma dakatar da shi.

Tarihi da Rabe-rabe

A shekarar 1922 wasu likitocin yara biyu a Amurka, Albert Stevens da Frank Johnson, suka yi bayanin wasu yara maza biyu masu zazzaɓi da ƙuraje da gyambon baki da kumburin ido. Daga nan aka sami sunan cutar Stevens-Johnson. A shekarar 1956 kuma wani likitan fata ɗan Birtaniya, Alan Lyell, ya bayyana nau'in da ya fi tsanani. A yau masana sun ɗauke su cuta ɗaya mai matakai. Idan fatar da ta saluɓe ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, ana kiran ta Stevens-Johnson. Idan ta haura kashi 30, ita ce cutar Lyell, wadda kan kashe kimanin mutum 3 cikin kowane 10 da ta kama.

Yadda Take Aukuwa

A cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi masu aikin kashe duk ƙwayar jiki da cuta ta shiga. A jikin wasu mutane, waɗannan dakaru kan ɗauki maganin a matsayin abokin gaba, sai su afka wa ƙwayoyin fatar mai su. Sukan saki wani sinadari mai suna giranulaisin, wanda ke hallaka shimfiɗar sama ta fata har ta rabu da ta ƙasa. Wato yawan maganin ba shi ne matsalar ba. Mutum kan iya kamuwa ko da ya bi ƙa'idar likita sau da ƙafa.

Gado yana da hannu. A shekarar 2004 masu bincike a Taiwan suka gano cewa masu ɗauke da wata ƙwayar gado mai suna HLA-B*1502 sun fi fuskantar haɗari idan suka sha maganin farfaɗiya mai suna kabamazafin. Har ila yau, masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sun fi sauran jama'a kamuwa nesa ba kusa ba.

Magungunan da aka fi dangantawa da cutar sun haɗa da dangin salfa, kamar Septrin da Fansidar. Magungunan farfaɗiya, kamar Tegretol da fenitoyin da fenobabiton. Alofurinol na ciwon gaɓoɓi. Feldene na rage raɗaɗi. Da nebirafin na ƙanjamau. Maganin tarin fuka mai suna tiyasetazon ya yi ɓarna ƙwarai ga masu ƙanjamau a Afirka a farkon shekarun 1990, shi ya sa aka yi watsi da shi. Sai dai a lura, miliyoyin mutane suna amfana da waɗannan magunguna lafiya lau.

Alamomi

Cutar kan ɓulla ne yawanci tsakanin kwana 4 zuwa 28 da fara sabon magani. Da fari takan yi kama da mura: zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kasala da zafin ido. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai tabo ja ko baƙi-baƙi su fito a fuska da ƙirji, su yi bororo, fata ta riƙa saluɓewa da zarar an goga ta. Leɓɓa kan farfashe, ido ya yi ja da kwantsa, fitsari ya zama azaba.

A nan ne ake yin kuskure mai tsada. Iyaye kan zaci ƙyanda ce ko ƙarambau, su ci gaba da ba da maganin, ko ma su ƙaro wani daga kemis. Abubuwa uku ne ke bambanta ta da borin jini na yau da kullum: fatar zafi take yi maimakon ƙaiƙayi, baki da ido da al'aura sukan kamu, sannan akwai sabon magani a makonnin baya.

Illoli

Jikin da ya rasa fata kan yi asarar ruwa da gishiri da ɗumi, ƙoda kuma ta raunana. Babban mai kisa shi ne shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ta wuraren da suka saluɓe. Wanda ya tsira ma yana iya zama da tabo a fata, ko asarar farce, ko tsukewar mafitsara da al'aura. Illar da ta fi daɗewa ita ce ta ido: bushewa, mannewar fatar ido, har makanta.

Magani

Mataki na farko shi ne dakatar da maganin da ake zargi nan take, a garzaya asibiti tare da dukkan kwalaye da kwalaben abin da majiyyaci ya sha, har da na gargajiya. Bincike ya tabbatar da cewa saurin dakatarwa yana rage mutuwa. Idan na farfaɗiya ne ko na ƙanjamau, wajibi ne likita ya yanke shawarar lokacin da za a musanya shi da wani.

A asibiti ana jinyarsa kamar mai ƙunar wuta: ƙarin ruwa, ɗaki mai ɗumi da tsabta, rufe raunuka, rage raɗaɗi, da ciyarwa ta bututu idan baki ya hana cin abinci. Likitan ido ya kamata ya duba shi tun ranar farko. Wasu likitoci kan yi amfani da magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, kamar saikulosforin. Sabuwar fata kan tsiro cikin mako biyu zuwa uku. Shafa toka ko manja ko garin sassaƙe a raunin buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne.

Kammalawa

Wanda ya warke ba zai sake shan wannan magani ko danginsa ba har abada, don haka ya dace ya riƙa yawo da kati mai ɗauke da sunansa. A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke karɓar rahoton illolin magunguna. Malamin makarantar kwana da ya ga ɗalibi da zazzaɓi da fashewar leɓe da jan ido, tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce: wane magani aka fara sha a cikin watan nan?