DARASIN WANNAN WATA: TUFA MAI JI, TUFA MAI AMSAWA

Kowa ya san amfanin tufa. Tana rufe jiki. Tana tare rana da ɗari. Tana fid da mutum kunya ranar salla da ranar biki. Amma a zamanin nan masu ilimi sun ƙara wa tufa wani aiki. Akwai yadin da ke jin zafi ya buɗe. Akwai wanda ke jin sanyi ya ba da ɗumi. Akwai rigar da ke ƙirga numfashin yaro. Akwai kuma wanda ke kashe sauro, shi kuwa yana nan rataye cikin ɗakunan Bande da ƙauyukanta.

Wannan darasi zai bayyana iri uku na waɗannan tufafi. Daga nan zai tsaya a kan wanda ya fi shafar mutanen karkara, wato sange mai magani.

1. ABIN DA KAKANNI SUKA SANI

Ilimin nan bai faɗo daga sama ba. Tsofaffin mata masu kaɗi da masaƙa sun san halin zare tun da daɗewa.

Zaren auduga yana shan ruwa. In ya sha, sai ya kumbura. Shi ya sa rigar saƙi ke tsotse zufar manomi. Iska ta bugo, zufar ta bushe, jiki ya ji sanyi. Rigar leda ba ta shan zufa. Wanda ya sa ta a bazara ya san wuyarta.

Haka nan mai sayar da ruwa a kasuwa yakan naɗe jarka da buhun algarara, ya jiƙa shi. Ruwan da ke bushewa a jikin buhun yana tafiya da zafi. Ruwan ciki sai ya yi sanyi kamar na randa.

Ke nan zare yana canza hali bisa ga abin da ya taɓa shi. A kan wannan tushe ne masu bincike suka ɗora gininsu.

2. IRI NA FARKO: YADIN DA KE BUƊEWA DA RUFEWA

A shekarar 2019, malaman jami'ar Marilan ta ƙasar Amurka sun nuna wani sabon yadi. Kowane zarensa haɗi ne na abu biyu. Ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana ƙin ruwa. In mutum ya yi zufa, sai zaren ya murɗe ya tsuke. Ƙofofin saƙar su buɗe, zafin jiki ya fita. In jiki ya bushe, gari ya yi sanyi, sai zaren ya saki. Ƙofofin su rufe, ɗumi ya tsaya ciki.

Yadin ba shi da batir. Ba shi da inji. Zufa da zafi kawai ke tafiyar da shi.

Akwai kuma rinin da ke canza launi in ya ji zafi. Uwayen da ke kai ƴaƴansu rigakafi sun taɓa ganin ɗan'uwan wannan. A jikin kwalbar maganin shan-inna akwai ɗan tambari. Tsakiyarsa fara ce. In kwalbar ta daɗe cikin zafi, tsakiyar sai ta yi duhu. Ma'aikacin lafiya ya gani, ya san maganin ya lalace, ba zai ɗiga wa yaro ba.

3. IRI NA BIYU: YADIN DA KE AJIYE ZAFI

Kowace mace ta san halin man shanu. Da rana yana narkewa. Da asuba a lokacin ɗari yana daskarewa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne wannan: lokacin da mai ke narkewa, zafi yake sha. Lokacin da yake daskarewa, zafin nan yake maidowa.

Masu bincike sun sami wani irin kaki mai wannan hali. Suna ɗura shi cikin ƴan ƙwayoyi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Sai su cusa ƙwayoyin cikin zare. In jiki ya yi zafi, kakin ya narke ya sha zafin. In jiki ya yi sanyi, ya daskare ya maido shi. Hukumar binciken sararin sama ta Amurka ta ba da kuɗin wannan bincike, domin tufafin masu tafiya sama.

Daga baya dabarar ta sauko wurin talaka. Ɗaliban jami'ar Istanfod sun ƙera wata ƴar jaka ta kwantar da jariri bakwaini. Sunanta Embrace. Ana ɗumama faifan kakin, a zura shi bayan jakar. Sai ya riƙe ɗumi daidai da na jikin mutum, wato kusan digiri 37, har awoyi da dama. An soma aiki da ita a ƙasar Indiya a 2011.

Inda babu wannan jaka, akwai abin da ya fi ta sauƙi. Uwa ta ɗora jaririn a ƙirjinta, fata da fata, ta ɗaure da zane. Likitoci suna koyar da haka a ɗakunan haihuwa.

4. IRI NA UKU: RIGA MAI LANTARKI

Ana iya yin zare da azurfa ko da ƙarfe, siriri kamar gashi. Irin wannan zare yana ɗaukar lantarki. In an saƙa shi cikin riga, yana jin bugun zuciya da motsin ƙirji. Sai ya aika labarin zuwa wayar salula.

A ƙasar Uganda, wasu matasa da suka yi karatu a jami'ar Makerere sun ƙera wata ƴar riga ta yara. Sunanta MamaOpe. Ɗaya daga cikinsu shi ne Brian Turyabagye. Rigar tana auna zafin jikin yaro. Tana ƙirga numfashinsa. Tana sauraren ƙarar huhunsa. Nufinsu shi ne a gane ciwon huhu da wuri, kada a ɗauka masassarar cizon sauro ce. Cututtukan biyu suna kama da juna a farko, amma maganinsu daban ne.

Ba duk sabon abu ke ɗorewa ba. A 2017 kamfanin Google da kamfanin Levi's sun fitar da wata riga. Mai ita yana shafa hannun rigar ya amsa waya. Tana da tsada, kuma a 2023 aka dakatar da aikin. Riga mai lantarki tana son caji. Wanki yana wahalar da ita. Kuɗinta ya fi ƙarfin manomi.

5. SANGE MAI MAGANI: WANDA KE CIKIN GIDA

Ƙasar Bande ƙasa ce mai albarkar ruwa. Akwai fadamu da tafkuna a kwarin Korama. Ana noman rake da kayan lambu. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke haihuwa.

Mutanen Magarya da Dungas ba su manta da daminar 2018 ba. A watan Satumba na shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da labari mai tada hankali. Yara fiye da 700 ne ke kwance lokaci guda a sashen yara na asibitin Magarya. Cikin wata ɗaya, kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana. Mafi yawansu masassarar cizon sauro ce da tamowa suka haɗu a kansu.

Saboda haka maganar sange ba maganar wasa ba ce.

A da, sange kariya ce kawai, kamar darni. Daga baya aka soma tsoma shi cikin ruwan magani. Amma maganin ba ya daɗewa. Bayan wata 6 zuwa shekara sai an sake tsomawa. Mutane da yawa ba sa komawa.

Sai kamfanin Sumitomo na ƙasar Japan ya fito da wata dabara. Ya gauraya maganin sauro da roba tun tana narke. Daga wannan robar aka ja zare, aka saƙa sange mai suna Olyset. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001. A 2003 aka soma saƙa shi a garin Arusha na ƙasar Tanzaniya. Akwai kuma wani iri, wanda ake manne maganin a bayan zaren da wani irin danƙo.

A Nijar, cikin watan Disamba na 2005, aka yi babban rabon farko na ƙasa baki ɗaya. An haɗa shi da ɗigon maganin shan-inna. An raba sange kimanin miliyan 2 ga uwayen yara ƴan ƙasa da shekara 5. Tun daga nan ana maimaita rabo lokaci lokaci. Mata masu ciki kuma suna samu wurin awo.

6. YAYA YAKE AIKI?

Sauro yana bin numfashin mutum da warin jikinsa. Mai barci cikin sange shi ne ke jawo shi. Sauron ya zo ya sauka a kan zaren, yana neman ƙofa. Maganin ya shiga ta ƙafafunsa. Sai ya rikice, ya faɗi, ya mutu. Ke nan sangen ya tsare mai shi, ya kuma rage sauron unguwa.

Ga abin mamaki. Zaren da aka gauraya da magani kamar rumbu yake. Kaɗan ne ke waje, mai yawa yana ciki. In aka wanke sangen, na wajen yana tafiya da ruwa. Cikin ƴan kwanaki sai wani ya tsattsafo daga ciki ya maye gurbinsa. Zare ne ke gyara kansa.

Amma rumbu yana ƙarewa. Ƙa'idar da aka sa ita ce sange ya jure wanki 20, ya yi aiki shekara 3.

Masu bincike na jami'ar Okusfod sun yi lissafi a 2015. Daga 2000 zuwa 2015 an kauce wa kamuwa da masassarar cizon sauro sau miliyan 663 a Afirka. Kashi 68 cikin 100 na wannan nasara aikin sange ne.

7. SAURO MA YANA KOYON DABARA

Shekara da shekaru ana amfani da dangin magani ɗaya. Sauron da maganin bai kashe ba shi ke haihuwa. Ƴaƴansa su gaji taurinsa. Yau a ƙasashen Afirka da yawa, har da Nijar, akwai sauron da tsohon magani ba ya kashewa sosai.

Don haka aka fito da sababbin sange masu haɗi biyu. Wani iri yana ɗauke da sinadarin da ke karya garkuwar sauro, domin maganin ya ci shi. Wani iri yana da magani na biyu, wanda ke kashe sauro ta wata hanya daban. An gwada wannan na biyun a Tanzaniya da Benin. Masassarar yara ta ragu da kusan rabi, in an kwatanta da tsohon sange. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi.

Ko da maganin ya yi rauni, sange marar huda yana nan yana tare cizo.

8. YADDA ZA A KULA DA SHI

In an karɓo sabo, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki.

A rataye shi da kyau, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa.

A kwana ciki kowane dare, damina da rani, cikin ɗaki ko tsakar gida.

In bai isa kowa ba, mace mai ciki da ƙananan yara su ne na farko.

A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu. Ban da ruwan zafi, ban da ruwan jabel. Kada a buga shi a kan dutse.

A shanya shi a inuwa. Rana tana cin maganin.

Kada a wanke shi cikin tafki ko bakin rijiya. Maganin yana kashe kifi. A zuba ruwan wankin cikin rami nesa da ruwan sha.

In ya huje, a ɗinke tun hudar tana ƙarama.

Kada a mai da sabon sange shingen lambu, ko abin kamun kifi, ko igiyar ɗaurin kaya.

Sange ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita a ranar. A kuma karɓi maganin rigakafi na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Gundumar Magarya tana cikin wuraren da aka fara ba da shi a Nijar, a 2013. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me ke faruwa da zaren auduga in ya sha ruwa?
2. Wane abu na cikin gida ne ke da hali irin na kakin da ake sa wa yadi?
3. Daga ina sabon magani ke fitowa bayan an wanke sange?
4. Don me ba a shanya sange a rana?

LISSAFI

1. Ana ba da sange 1 ga mutum 2. Gidan da ke da mutum 12, sange nawa yake bukata?
2. Shekara 3 wata 36 ce. In ana wanke sange sau ɗaya kowane wata 3, wanki nawa zai sha? Ya kai 20?

AIKIN MAKO

Kowane ɗalibi ya ƙirga wuraren kwana na gidansa. Ya ƙirga sangen da ke rataye. Ya duba masu huda. Ya rubuta lambobin uku cikin littafinsa. Ranar karatu mai zuwa, malami zai tara su a kan allo, a kai wa ma'aikacin lafiya na gari.