Kafin Ka Zaɓi Kalmar Turanci, Tambayi Kanka: Wa Ya Canja?

Wata ɗaliba daga Ajingi, wadda ke shirin rubuta WAEC, ta aiko min da tambaya: "Malam, change, adjust, adapt da adopt duk ina ganinsu a wurin canji. Ta yaya zan san wadda zan ɗauka?"

'Yata, tambayarki ta yi daidai, kuma ba ke kaɗai ba ce. Shekaru ina duba takardun ɗalibai a yankinmu na Gaya, kuma a nan ne maki ke zubewa ba tare da yaro ya sani ba. Abin da ke taimakawa shi ne ki fara faɗin maganar da Hausa, ki ga ainihin abin da ya faru.

Change ita ce mafi faɗi, wato canja ko sauya. A 2019 aka ɗaga masarautar Gaya zuwa daraja ta ɗaya, a 2024 aka mayar da ita daraja ta biyu. Duka biyun change ne, domin abu ya bar wani matsayi ya koma wani.

Adjust ƙaramin gyara ne, daidaitawa. Kin taɓa shiga mota daga Gaya zuwa Wudil, an cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, kwandasta ya ce a ɗan muskuta? Wannan muskutawar ita ce adjust. Kujerar ba ta canja ba, ke ma ba ki canja ba, zama kawai kika gyara.

Inda na fi so ki tsaya shi ne adapt da adopt. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma a bakin da yawa daga cikinmu sautinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa ake rikita su a rubuce. Adopt ɗauka ce: ki karɓi abin da ba naki ba ki mayar da shi naki, kamar yadda ake ɗaukar maraya riƙo. Adapt kuwa mutum ne ke sauya kansa ko hanyarsa domin ya dace da sabon yanayi. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawa da kwamfuta gaba ɗaya. Hukumar ce ta yi adopt na tsarin. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, da ya je ya koya har hannunsa ya daina rawa, shi ne ya yi adapt. Haka manomin da ya ga damina tana gajarcewa: ya karɓi irin gero mai saurin nuna, wannan adopt; ya sake lokacin shukarsa da yadda yake aikin gona domin ya bi sabon halin ruwa, wannan adapt. Ki kuma lura, idan mutum ne ke sabawa da yanayi, ana cewa "adapt to", amma adopt ba ta ɗaukar to a bayanta.

Akwai wata da ba ki tambaya ba, wadda ta fi damuna, wato "used to". Ɗalibi zai rubuta "I used to pray in the mosque" da nufin yana sallah a masallaci kullum. Bature zai fahimci cewa a da yana yi, yanzu ya daina! Raina yana sosuwa duk lokacin da na ga yaro ya faɗi kishiyar abin da ke zuciyarsa. Idan sabo kike nufi, sai ki ce "I am used to praying", da am a gaba da -ing a ƙarshen aikatau. Idan kuma abin da kike yi kullum ne kawai, "I pray" ta wadatar.

Ga aikin da nake ba ɗalibaina. Ki samo littafin rubutu, ki ja layi tsakiyar shafi. A hagu ki rubuta jimloli biyar na Hausa daga rayuwar gidanku: yayarki ta koma gidan miji tana koyon zama da dangin miji, tela ya rage miki hannun riga, babanki ya fara karɓar kuɗi ta waya. A dama ki sa Turancinsu. Ki kai wa malaminku na Turanci ya duba, kuma wadda ya ja wa jan biro ki sake rubuta ta da wani sabon misali washegari.