Hatsari Kafin Rauni: Nazarin Yadda Ake Gurfanar da Masu Gona a Birtaniya Kan Injinan Noma Marasa Kariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gurfanar da masu gona gaban kuliya a Birtaniya idan injin noma ya raunata ma'aikaci ko ya yi ajalinsa. An dogara ne kan dokar 1974, da ƙa'idojin 1998, da hukuncin shari'ar Chargot na 2008. Nazarin ya nuna cewa laifin da ake tuhuma a kai shi ne jefa ma'aikaci cikin hatsari, raunin da ya samu kuwa shaida ce kawai. Wannan bambanci yana da tasiri ga duk mai fassara irin waɗannan shari'u zuwa Hausa.

1.0 Gabatarwa

Manoma da ma'aikatan gona ba su wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na ma'aikatan Birtaniya ba, amma kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a bakin aiki daga cikinsu suke. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka daɗe suna cin rayuka shi ne sandar ƙarfen nan da ke ɗauko ƙarfin injin tarakta ta kai wa na'urar da yake ja. Takan juya sau 540 a minti guda, wato sau 9 a daƙiƙa, wasu ma sau 1000 a minti. Idan murfinta ya fashe ko an cire shi, ta kama bakin riga, kafin mutum ya ankara ta riga ta nannaɗe hannunsa.

Dokokin masana'antu na Birtaniya sun daɗe ba su leƙa gona ba. Sai a 1956 aka yi dokar kare lafiyar ma'aikatan gona, a 1957 kuma aka wajabta rufe wannan sanda. Bayan rahoton kwamitin Robens na 1972, dokar 1974 ta haɗe gona da masana'anta a ƙarƙashin inuwa guda, aka kuma kafa hukumar HSE a 1975. Ita ce ke bincike, ita ce kuma ke shigar da ƙara a Ingila da Wales.

2.0 Abin da Ake Tuhuma

Sashe na 2 na dokar 1974 ya ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu gwargwadon abin da zai yiwu a hankalce. Sashe na 3 ya faɗaɗa nauyin ga waɗanda ba ma'aikatansa ba, kamar ɗan kwangila ko yaron da ya shigo gona. Ƙa'ida ta 11 cikin ƙa'idojin kayan aiki na 1998 ta jera matakan tsare sassan inji masu hatsari bi da bi: da farko kafaffen murfi, in bai yiwu ba wata na'urar kariya, horo da gargaɗi kuwa ƙari ne a kai. Don haka mai gonar da ya ce ya sha ja wa yaronsa kunne, alhali sandar na juyawa tsirara, bai kawo hanzarin da kotu za ta karɓa ba.

Mafi ɗaukar hankali shi ne sashe na 40. Abin da aka saba a shari'ar laifi, kuma abin da Bahaushe ya sani a gaban alƙali, shi ne mai da'awa ke kawo hujja. A nan an juya lamarin. Da zarar mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa akwai hatsari na haƙiƙa, sai nauyi ya koma kan wanda ake tuhuma, ya nuna cewa ya yi iyakar abin da zai yiwu. Ma'aunin ya samo asali ne daga shari'ar Edwards ta 1949 kan mahaƙar kwal: a aza girman hatsarin a gefe guda, kuɗi da lokaci da wahalar kawar da shi a ɗaya gefen. Ba a yi wa mai aiki uzuri sai tsadar ta rinjayi hatsarin nesa ba kusa ba. Murfin roba na sanda, in aka auna shi da hannun mutum, ba zai taɓa yin wannan rinjaye ba.

3.0 Shari'ar Chargot

A watan Janairun 2003, a gonar Heskin Hall da ke Lancashire, wata ƙaramar motar kwasar ƙasa ta kife da direbanta, ƙasar da ya ɗauko ta binne shi. Babu wanda ya ga yadda abin ya faru, ba a kuma gano musabbabinsa ba. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma suka ce tun da ba a fayyace wane mataki aka kasa ɗauka ba, babu laifi. A Disambar 2008 kotun ƙolin ƙasar ta lokacin ta yi watsi da wannan hujja. Mai shari'a Hope ya bayyana cewa doka sakamako take nema, wato ma'aikaci ya tsira da lafiyarsa, mutuwar kuwa ita kanta alama ce ta farko cewa ba a cim ma hakan ba. Gaskiya ne aikin da ake yi a ranar na shimfiɗa filin ajiye motoci ne, ba noma ba, amma ƙa'idar ta hau kan kowane inji a gona.

A ganin mai wannan nazari, tsarin ya yi daidai, domin wanda ya mallaki inji shi ya san ranar da aka cire murfinsa. Sai dai yakan yi wa ƙaramin manomi nauyi, musamman idan mamacin ɗansa ne ko ƙanensa.

Tun daga Fabrairun 2016, alƙalan Ingila da Wales suna yanke tara ne bisa girman sakaci, da munin abin da hatsarin zai iya jawowa, da kuɗin shigar kamfani. Mutum kuma yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 2. Ana iya hukunta mai gona ko da babu wanda ya yi ko ƙwarzane.

4.0 Matsalar Fassara

Najeriya ta gaji dokar masana'antunta daga Birtaniya, kuma dokar 1987 ta wajabta killace sassan inji masu hatsari. Amma ita ma, kamar uwarta kafin 1956, masana'anta ta sa a gaba. Injin casar masara da ake ja daga gona zuwa gona da bel a buɗe da wuya ya shiga ma'anarta. Dokar 2010 da asusun NSITF ke aiwatarwa kuwa ta biyan diyya ce.

A nan ne mai fassara zai yi hattara da kalmomi biyu. Kalmar hatsari a Hausa tana ɗauke da abin da ya riga ya auku, kamar a ce an yi hatsarin mota, da kuma abin da ake tsoron aukuwarsa, kamar a ce hanyar tana da hatsari. Dokar 1974 ma'ana ta biyu take hukuntawa. In aka rubuta cewa an ci tarar manomi saboda hatsarin da ya faru a gonarsa, mai karatu zai ɗauka tsautsayi aka hukunta, ya kuma ga rashin adalci, tun da an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka nan tara daban, diyya daban: tara baitulmalin gwamnati take shiga, diyya kuwa wanda ya ji rauni ko magadansa ke nema ta wata ƙara, galibi daga inshorar da dokar 1969 ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata. Abin da ya fi dacewa da sashe na 2 shi ne a rubuta cewa an ci tararsa saboda ya bar ma'aikacinsa yana aiki da inji babu murfi.